Wa ke auna ƙarar injin niƙa?

Duk wanda ya taɓa kai masara wurin nika-nika a Yendi ko Salaga ya san sai ka ɗaga murya kafin yaron injin ya ji ka. Kai minti goma za ka yi ka tafi. Shi fa? Tun safe har magariba yana nan tsaye.

Da desibel ake auna ƙara. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a 85 na awa 8. In ta ƙaru da 3 kacal, lokacin ya koma awa 4. Idan mutum biyu suna kusa da juna amma sai sun yi ihu, to an kai iyakar nan ko an wuce. Kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

Hukumar EPA ta Gana ta ƙayyade 55 da rana, 48 da dare a unguwannin zama. To wa ke aunawa a zangon Bawku? Majalisun gunduma da ke karɓar kuɗin lasisi hannun masu injin su sayi na'urar awo, su sa abin toshe kunne cikin sharaɗin lasisin. Mai injin ma kada ya jira su, ya saya wa yaronsa.