Talabijin a cikin jirgin ruwa: parabol, eriyar TNT ko Starlink?

Tun da Starlink ya fara aiki a Nijar a watan Maris na 2025, lissafin masu son kallon talabijin a kan ruwa ya canza, daga masu jiragen kogin Isa tsakanin Yamai da Gaya har zuwa ƴan ci-rani da ke aiki a jiragen kamun kifi a gabar Legas da Kwatano. Zaɓi uku ne a gabansu, kuma kuskure a nan asarar kuɗi ce mai yawa.

Na farko shi ne parabol. Taurarin ɗan Adam da ke watso tashoshi irin na Canal+ suna can sama da nisan kusan kilomita 36,000, don haka dole farantin ya fuskance su daidai. A kan rufin gida wannan ba matsala ba ce. Jirgi kuwa kullum cikin lilo yake, karkata kaɗan ta isa hoto ya ɗauke. Shi ya sa kamfanoni irin su Intellian da KVH suka ƙera faranti mai injin da ke bin tauraron da kansa a cikin murfi mai kama da ƙwarya. Yana aiki ko jirgi na tafiya, amma kuɗinsa yakan haura miliyan guda na sefa, kuma ruwan sama mai ƙarfi na katse shi kamar na gida.

Na biyu ita ce eriyar da ke kama tashoshin ƙasa na TNT, irin su Télé Sahel. Wadda ta dace da jirgi ita ce mai karɓa daga kowane ɓangare, domin mai tsini ɗaya sai an riƙa juya ta duk lokacin da jirgi ya sha kwana. Tana da araha, batir mai volt 12 da ƙaramin sola sun ishe ta tare da akwatin. Sai dai da zarar an yi nisa da turken watsawa, shi ke nan: a tsarin dijital hoto ba ya dishi-dishi, tsayawa yake yi cak.

Starlink kuwa intanet yake bayarwa, ba tashoshi ba. Yana jure motsi fiye da parabol, amma akwai biyan kuɗi kowane wata, ya fi cin wuta, kuma amfani da shi cikin tafiya ko a wata ƙasa na buƙatar rijista ta daban.

Don haka kafin a je kasuwa, mai jirgi ya fara duba inda yake kwana. Wanda ke ɗaure jirginsa kusa da babban gari, eriyar TNT ta wadatar da shi. Wanda ke sauka a tsibiri, kamar masuntan tabkin Chadi, gara ya kafa parabol na gida a tudu. Faranti mai injin da Starlink sun fi dacewa da manyan jiragen da ke shafe makonni a teku.