Ƙwannafin da ya ƙi tafiya: Maradun na buƙatar hanyar gwajin maƙoshi da wuri

A Maradun, kamar a Bakura da Talata Mafara, mutumin da ƙwannafi ya dame shi yakan jiƙa kanwa ya sha, ko ya je kemis ya ce a ba shi maganin olsa. Shekaru sukan wuce a haka. Ba a fara maganar asibiti sai ranar da loma ta fara tsayawa a ƙirji, tuwo da nama su gagara, a koma kunu, daga baya ruwa ma ya zama aiki. Idan kansar bututun abinci ce, a wannan mataki yawanci ta riga ta yi nisa.

Cutar ba ta faɗowa rana ɗaya. Kafin ta zama kansa, fatar cikin bututun kan yi shekaru tana sauyawa, kuma ana iya ganin sauyin da na'urar endoskofi, wato siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta baki. Likita kan fesa ruwan aidin: lafiyayyen wuri ya rine zuwa ruwan ƙasa, wurin da ya fara lalacewa ya ƙi rinuwa, sai a tsinki ɗan nama a kai ɗakin gwaji. In an gano da wuri, ana iya kankare wurin ta cikin na'urar ba tare da an tsaga ƙirji ba. A yankin Linxian na ƙasar Sin, inda cutar ta yi katutu, an daɗe ana tantance jama'a ta wannan hanya.

Ba kowa ne ke buƙatar gwajin ba. Waɗanda ya kamata a sa wa ido su ne masu ƙwannafin da ya shekara da shekaru, musamman maza da suka haura 50. Masu shan taba ko giya. Da wanda ya taɓa haɗiye sodar sabulu ta ƙona masa maƙoshi. A 2016 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya abin sha da zafinsa ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo wannan kansa. Mai kurɓar shayi ko koko yana tiriri ya dace ya san haka.

Matsalar ita ce nisa. Irin wannan gwaji ya fi samuwa a manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Manomin da ke gefen madatsar Bakolori sai ya lissafa kuɗin mota, kuɗin gwaji da fargabar 'yan bindiga a hanya, ya haƙura.

Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a 2024. Ya kamata wannan matsala ta shiga cikin aikin. A horar da ma'aikatan asibitocin karkara su riƙa tambayar tsawon lokacin da ƙwannafi ya ɗauka, su tura duk mai wahalar haɗiya ko rama ba dalili gaba nan take. A kuma tanadi na'ura da ƙwararre mai zuwa Talata Mafara a ranaku sanannu, gwamnati ta ɗauke wa talaka wani kaso na kuɗin. Wannan ya fi sauƙi a kan jinyar mutumin da ya kasa haɗiye ruwa.