Sakamakon Rumfa da Daren Zaɓe

A Amurka gidajen talabijin kan yi hasashen wanda ya ci zaɓe daga ƙuri'un farko. A Nijeriya kuwa hukumar INEC kaɗai doka ta ba ikon bayyana sakamako. Ƙuri'ar Rawayau sai ta bi ta Kurfi da Katsina kafin ta isa Abuja, inda ɗan takarar shugaban ƙasa ke buƙatar rinjaye da kashi 25 cikin 100 a jihohi 24. Saboda haka wanda ya lashe rumfarmu yana iya faɗuwa a ƙasa baki ɗaya. A ganina rashin sanin wannan ya rura tarzomar 2011, wadda ta ci rayuka fiye da 800. Wajibi ne malami ya koyar da wannan tsari tun kafin daren zaɓe, domin ɗalibansa su guji jita-jita, su jira sanarwar hukuma.