Yaranmu na karatu, jan rai ne ba mu iya ba



Makon jiya, cikin shirinmu na dare, wani dattijo ya kira ya ce yaran yanzu sun bar karatu, waya ta cinye su. Mun gode Baba, amma ba mu yarda ba. A leƙa wayar ƴan matanmu a gani. Littafin Kano ne ake turo musu shafi-shafi ta WhatsApp, waɗanda ba su iya boko ba kuma suna saurare ana karanta musu da murya. Yarinya za ta hana kanta fanke ta sayi forfe don kawai ta ji ko amarya ta gano asirin kishiya. Wanda ya yi haka ba a ce da shi ba ya son karatu. Abin tambaya shi ne mi muke ba su su karanta.

Yawancin abin da ke yawo a wayoyin nan jan rai ne na yaudara. Marubuci zai kai ka bakin ƙofa, a ji ƙara cikin ɗaki, sai ya rubuta "mu haɗu a kashi na gaba". Gobe ka dawo, ashe kwano ne ya faɗi. Haka za a yi ta jan ka har kashi ɗari, kullum ana ɓoye maka abin da ya kamata ka sani. Mu ma ƴan rediyo ba mu fita ba: sau nawa munka yanke labari a tsakiya don mu saka tallar magani? Mun koya wa masu saurare cewa jan rai shi ne a hana ka labari.

Alhali ba haka ba ne. Alfred Hitchcock, Baturen nan na Ingila da ya shahara da finafinan fargaba, ya taɓa ba da misalin bom ƙarƙashin tebur. In ya tashi ba zato, mai kallo zai firgita na ɗan lokaci, shi ke nan. In kuwa an nuna masa bom ɗin tun farko, mutane na zaune suna hira ba su sani ba, to kowace kalma ta hirar sai ta tsaya masa a wuya. Kakanninmu mata sun san wannan tun kafin silima. Da dare in ana tatsuniya, yara sun riga sun san Gizo ya shirya makirci, Kura ce ba ta sani ba. Shi ya sa ba wanda ke barci sai an ce ƙurunƙus.

To ga abin da ke ci mana rai. Labarin jan rai mafi girma a ƙasar nan, a ƙofar gidanmu ya faru. Farkon shekarar 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufo gabas, tana ƙone garuruwa. Labarinta na riga ta isowa, ƴan gudun hijira na kawo shi. A Lugu, Sarauniya Mangu ta san abin da ke tafe, mutanenta sun sani, kuma ga kibau ga bindigogi. A tsaya ko a gudu? Wa zai kawo ɗauki, wa zai nuna wa abokan gaba hanya? Cikin watan Afrilu anka gwabza, Lugu ta ƙone, amma Sarauniya ba ta faɗa hannunsu ba. Sunka wuce sunka yi kisan gilla a Birnin Ƙonni cikin watan Mayu. Ran 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da Faransa ta aiko ya tsai da shi, bayan ƴan kwanaki kuma sojojinsu sunka kashe shi da Chanoine. Duk mun san ƙarshen, amma ko yau tsoho ya fara ba da shi, ba mai tashi. Ba a ɓoye wa mai saurare komi ba, sanin abin da ke tafe shi ne ke riƙe shi.

Mu da munka yi lakkol, a ina munka karanta shi? Da Faransanci, cikin littafin Abdoulaye Mamani mai suna Sarraounia, da ya fito a 1980. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, an ɗauke shi a Burkina Faso, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Allah ya jiƙan Mamani, ya yi aikinsa, ya kuma ƙara nasa gishirin kamar kowane mai ƙagaggen labari. Amma tsohuwar da ke Lugu ba za ta iya karanta abin da anka rubuta a kan garinta ba, jikarta kuma ta fi sanin unguwannin Kano cikin littafi da dutsen Tunguma da ke kusa da ita.

Wani zai ce ai labarin Azna ne, a bar shi. Muna cewa tarihi ne, kuma ba da labarin abin da ya samu kakanni bai taɓa fitar da kowa daga addininsa ba. Wani zai ce ba mu da maɗaba'a. Marubutan wayar nan da muke suka, wace maɗaba'a ce gare su? Yatsa ne da haƙuri. A wannan kam sun fi mu, don su suna rubutawa, mu muna zaune a fada muna ƙorafi.

A 2025 kundin mulkin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Takarda ba ta haifar littafi. In ba mu rubuta ba, Hausarmu ta Arewa za ta tsaya a baki, yaranmu su ci gaba da karanta ta wasu.

Don haka muna kira ga malaman lakkol, ɗaliban lise da duk mai waya a hannu: ku zauna da tsofaffi tun suna da rai, ku rubuta da Hausar da kuke magana da ita. Ku nuna wa mai karatu hatsarin tun shafin farko, ku sa ya damu da wanda hatsarin zai faɗa wa, labari in ya ƙare kuma ku tsaya. Mu a namu ɓangaren mun yi alkawari: wanda ya kawo irin wannan, za mu karanta shi a rediyo, kuma ba za mu yanke shi da talla ba.

Baba, sai ka shirya, kai za mu fara zo wa da kaye da bik.