Moton daji da rairayin Damagaram

A shekarar 1983 kamfanin Yamaha na ƙasar Japan ya fitar da wani babban moto mai dogayen ƙafafu da faffaɗan tanki, ya raɗa masa suna Ténéré, sunan hamadarmu. Ba da banza ba: da moton wannan kamfani, XT 500, Bafaranshe Cyril Neveu ya ci tseren Paris-Dakar a 1979 da 1980. Tseren ya bar Afirka tun 2009, amma rairayi na nan inda aka bar shi, kuma malamin dabbobi da zai tafi Tesker, ko ɗan kasuwa mai bin kasuwannin Damargu, shi ke fama da shi, ba tare da kamyon makanikai na biye da shi ba.

Abin da ke kashe moto a ƙasar Damagaram ba nisan hanya ba ne, ƙura ce. Tana shiga ta inda inji ke shaƙar iska, ta gauraya da mai, ta riƙa cin fistan da zobbansa sannu a hankali har moto ya fara hayaƙi, ƙarfinsa ya tafi. Mai tsaron wannan ƙofa shi ne filtar iska, ɗan soson da mutane da yawa ba su taɓa buɗe murfinsa ba. Gyaransa kuwa bai wuce aikin zaure ba: a cire shi, a wanke da kananzir ko ruwan sabulu, a matse ba tare da an murɗa ba, a bar shi ya bushe a inuwa, a shafa masa mai mai tsabta kaɗan, a mayar. A lokacin hunturu, da hazo ke rufe Birni da Zango, mako guda ya isa ya toshe. Akwai masu huda shi, wai don moto ya sha iska ya ƙara gudu. Yana ƙarawa, na ƴan watanni. Daga nan sai a nemi kuɗin sabon fistan.

Sarƙa ma tana da nata masu cutar da ita, kuma yawanci da kyakkyawar niyya. Baƙin man da aka juye daga inji ake kwarara mata, rairayi ya manne, ta koma dutsen niƙa tana cinye haƙoran da take hawa. Mai kaɗan, bayan an goge ta, ya fi mai yawa. Kada kuma a ɗaure ta tamau kamar tsirkiyar baka: moton daji yana lotsawa ƙwarai idan ya faɗa rami, sarƙar da ba a bar mata sassauci ba sai ta tsinke ko ta ɓata inji.

Wanda ke shan man kwalba na bakin hanya ya tace shi da ƙyalle mai tsabta, ya kuma koyi kwance ƙasan karbirato ya zubar da dattin da ya kwanta.

A nan ne ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke shirin saye ya kamata ya yi lissafi. Tun da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 aka gane cewa tsadar moto ba ranar saye take ba, tana ranar da wani ƙarfe ya lalace. Manyan motocin yanzu, irin Ténéré 700 da ta fito a 2019, ba su da karbirato. Kwamfuta ce ke auna musu mai. Ba su cika ɓaci ba, gaskiya ne, amma ranar da suka ƙi tashi sufana ba ta da ta cewa, kayansu kuma ba a shimfiɗe suke a kasuwar Dole ba. Tsohuwar DT 125, wadda ma'aikatan ayyukan raya karkara suka daɗe suna hawa, ba ta da kwarjinin waɗancan, sai dai mai ita na iya kwance ta a tsakar gida bayan la'asar, ya ɗaura kafin magariba.

Kafin a kama hanyar Tanut ko ta Gure, a bi wayoyin ƙafa ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙarfe: wadda ta yi ƙara a dushe ta saki, a ɗaure ta. A cikin jaka kuma kada a rasa buji, da shambur, da faci, da famfo, da mahaɗin sarƙa, domin ƙayar aduwa na jira tun daga inda kwalta ta ƙare.