Baƙin hayaƙin manyan motoci: laifin inji ne ko na man gas?

Garin Talata Mafara yana kan babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato, inda tireloli da tankokin mai ke kai da kawowa. Manyan motoci ne kuma ke kwashe shinkafa da kayan lambun da ake nomawa a Bakura da Maradun, albarkacin madatsar ruwa ta Bakolori. Kusan dukkansu da man gas suke aiki, kuma mazauna bakin titi ne ke shaƙar baƙin hayaƙin da suke fitarwa.

A shekarar 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin man gas cikin abubuwan da ke haddasa cutar dajin huhu.

Yadda na'urar ke aiki

Tun daga 2007 a Amurka, da 2014 a Turai, dokokin hayaƙi suka sa ana ƙera manyan motoci da wata rariya a cikin salansa, mai tare tokar hayaƙi. Tare da ita akwai ƙaramar na'ura da makanikai ke kira sensa, wadda ke auna matsin hayaƙi kafin ya shiga rariyar da bayan ya fita. Idan bambancin ya yi yawa, alama ce rariyar ta cika, sai kwamfutar motar ta ɗaga zafin salansar zuwa kimanin digiri 600 domin ƙone tokar.

An tsara wannan ne bisa man da farar wutar cikinsa ba ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin miliyan ba. Idan ta yi yawa, tana lalata sinadaran da ke taimaka wa ƙonawar, rariyar ta toshe da wuri, kwamfuta ta rage ƙarfin inji.

Direban da ya ɗauko tumatur ba zai iya jira ba. Hanya mafi arha ita ce a cire rariyar, a sauya lissafin kwamfutar don ta daina sauraron sensa. Mota za ta tashi, amma tokar da aka tanadi tarewa sai ta koma cikin iska.

Ingancin mai

A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fallasa yadda 'yan kasuwar Turai ke sayar wa Afirka ta Yamma gurɓataccen mai. A lokacin, dokar Nijeriya ta amince da kashi 3,000 cikin miliyan, wato ninki 300 na abin da Turai ta yarda da shi. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a rage shi zuwa kashi 50.

Sai dai a watan Yulin 2024 taƙaddama ta ɓarke tsakanin hukumar NMDPRA mai sa ido kan harkar mai da matatar Dangote. Hukumar ta ce man gas na matatun cikin gida bai kai na waje inganci ba, matatar kuma ta ce na wajen ne ya fi yawan farar wuta. Wannan ya nuna cewa kafa doka daban, tabbatar da abin da ke fita daga famfon gidan mai daban.

Ina mafita?

Akasarin manyan motocin da ke bin wannan hanya tsofaffi ne da ba su da rariyar tun asali, amma sannu a hankali na zamani ne za su maye gurbinsu. Ko sauyin zai rage hayaƙi ya dogara ne kan abubuwa biyu: gwada mai a gidajen mai na karkara, da horar da makanikai kan wanke rariya da gyaran sensa maimakon cire su. Muddin ba a samu waɗannan ba, sabuwar tirela za ta ratsa Talata Mafara da hayaƙi irin na tsohuwa.