A Shirya wa Masu Dara Taro a Ƙasar Gobir

Kowace shekara a watan Oktoba a kan yi wani babban taro na kwana huɗu a birnin Essen, cikin ƙasar Jamus, wanda su ke kira Spiel, watau wasa da harshensu. An fara shi a 1983. A taron 2024 mutum fiye da 200,000 suka shiga, masu baje haja kuwa sun haura 900, daga ƙasashe fiye da hamsin. Abin da ya tara wannan jama'a duka shi ne wasannin zaune, irin waɗanda a ke yi a kan allo ko tebur. A Amurka ma akwai irinsa, ana ce da shi Gen Con. Da aka fara shi a 1968, a wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva, waɗanda suka zo ba su wuce kamar ɗari ba. Tun 2003 a birnin Indianapolis a ke yinsa, kuma a 2024 mahalarta sun wuce 70,000.

Yawan irin wasannin ma abin mamaki ne. Akwai na karta, akwai na jefa ƙwaya kamar ludo, akwai na haɗa kalmomi, akwai na shirya runduna. Wani mai suna Catan, wanda wani Bajamushe, Klaus Teuber, ya fitar a 1995, ciniki ne tsantsa: kana da itace, wani yana da hatsi, sai kun daidaita kafin kowa ya gina gari. Wani kuma, Pandemic, na 2008, babu abokin gaba a cikinsa, duk masu wasan haɗa kai su ke yi su tare annoba, in sun yi sakaci ta cinye su gaba ɗaya. Tun 1979 Jamusawa su ke ba da kyauta ga wasan da ya fi kyau a shekara, kamar yadda a ke ba marubuta.

Kada mai karatu ya ce wannan sha'anin Turawa ne kaɗai. A 2015 wani ɗan Nijeriya, Wellington Jighere, ya zama zakaran duniya a wasan Scrabble a birnin Perth na Ostireliya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya kai nan. A Abuja an fara taron wasannin allo mai suna AB Con a 2016, kuma kamfanin da ya kafa shi, NIBCARD, ya sami wata babbar lambar yabo ta masu wannan sana'a a 2021.

To, mu fa? Mu ma muna da namu, tun kaka da kakanni. Wanda ya san Bafarawa, ko Isa, ko Sabon Birni, ya san yadda a kan sami dattawa da rani a gindin inuwa sun haƙa gurabu a ƙasa suna dara. Layi biyar, kowane layi gida shida, gida talatin ke nan. Kowa yana da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da guntayen kara, wancan da tsakuwa. Su yi ta dasawa ɗaya bayan ɗaya har gida shida kaɗai ya rage fanko, sa'an nan a fara turi. Wanda ya jera uku ya ci ɗa guda na abokinsa. Gwani ya kan shirya 'ya'yansa yadda duk turin da ya yi sai ya ci, abokin wasa yana gani ba shi da abin yi. Akwai kuma ɗaya darar mai gida goma sha biyu da ƙwaya arba'in da takwas, wadda Yarbawa ke kira ayo. Ba a sayen komai, ba a jiran lantarki, amma hankalin da a ke sa wa a ciki bai gaza na kowane wasa da a ke bajewa a Essen ba. Har ta shiga bakinmu, don in dabarar mutum ta juyo kansa mu kan ce dara ta ci gida.

Abin tsoro shi ne wannan gado yana iya sulalewa ba wanda ya lura. Samari sun koma kan waya. Dattawan da suka san dokoki da sunayen dabaru suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma masifar 'yan bindiga da ta addabi gabashin Sakkwato. A watan Mayu na 2020 an kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni rana ɗaya, a watan Agusta na 2024 kuma Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban mutane sun bar gidajensu, wasu sun shigo cikin gari, wasu sun tsallaka jihar Maraɗi. In ƙauye ya watse, dandalinsa ma ya watse, da duk abin da a ke koya a wurin. Barno ta isa ishara. Suna da wani wasa mai suna tsatsarandi, ɗan'uwan shaɗaranjin Larabawa, wanda wani Bature, Meek, ya ba da labarinsa a 1934. Yau da ƙyar ka sami wanda ya taɓa ganin ana yinsa.

Saboda haka shawararmu ita ce a shirya wa masu dara taro sau ɗaya a shekara, bayan kaka, sa'ad da aka gama aikin gona. Aiki na fari na malaman makaranta ne. Kowane malami ya nemi dattijo biyu ko uku a garin da ya ke, har da waɗanda gudun hijira ya kawo, ya zauna da littafi ya rubuta yadda su ke yi: nawa a ke dasawa, me aka hana, me a ke kira kowace dabara. Za a tarar dokar wani gari ta saɓa da ta wani, kada a gyara, a rubuta kowace yadda ta ke. Sa'an nan a koya wa yara a aji, domin yaron da ya saba duban turi uku a gaba kafin ya ɗaga hannu, lissafi ba zai ba shi tsoro ba. Aiki na biyu na ma'aikatan ƙaramar hukuma ne da hakimai: su ba da wuri, su tsara sunaye, makaranta ta kara da makaranta, unguwa da unguwa, har a kai ga Isa ta kara da Sabon Birni. Kuɗin da za a kashe bai taka kara ya karya ba, tabarmi ne da ruwan sha da ɗan abin kyauta.

Mun san za a ce abu biyu. Na ɗaya, wai wasa hanyar caca ce da ɓata lokaci. Wannan magana tana da tushe, don kowa ya san gidan da karta ta kashe. Maganinsa a sa doka tun farko: ba a ajiye ko sisi, in an kira salla a tashi, kuma a nemi shawarar malaman addini na garin kafin a fara. Abin da a ke yi a fili gaban hakimi da iyaye ya fi sauƙin tsarewa bisa wanda a ke yi a lungu. Na biyu, za a ce ana ta rai wa ya ke ta dara? Gaskiya ne tsaron rayuka shi ne gaba da komai, kuma hakkin Gwamnati ne wanda babu wasan da zai sauke mata shi. Don haka ne muka ce a fara da kaɗan, da rana, cikin gari, a harabar makaranta, kada a sa kowa ya hau hanyar da ba a amince da ita ba. Amma rubuta abin da dattawa suka sani ba ya jiran lafiya ta samu, domin su ba za su jira ba.

In Allah ya kawo sauƙi, taron yana iya girma. Gobirawa suna nan ta kowane gefen iyaka. Tun da Alƙalawa ta faɗi a 1808 suka rarrabu, wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wasu suka dawo suka kafa Sabon Birni, amma harshe ɗaya ne, zumunci kuma bai yanke ba. Ranar da gwanin Tsibiri ya zauna gaban gwanin Bafarawa, jama'a sun kewaye su, an sami abin da ya fi cin wasa. Bikin kamun kifi na Argungu ma daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934 ya samo asali, don tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi, ga shi a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da a ke tsarewa.

Mutum ɗari ne suka fara taron Amurka. A Isa ko Sabon Birni za a iya tara ɗari a yini guda, in an sami malami ɗaya da akawu ɗaya da suka ɗauki abin da gaske. Muna roƙon duk malamin da ya rubuta dokokin darar garinsa ya aiko mana, mu buga don sauran jama'a su gani, su kwatanta da nasu.